Tsohuwar Bindiga da Amanar Mai Sani



Akwai gidaje a unguwar nan da in ka leƙa bayan kabad ko ƙarƙashin gadon maigida za ka tarar da tsohuwar bindiga mai baki biyu, a naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Mai ita ya tsufa, ya daina fita farautar zabi da fakara, ko kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ba mai tunawa da ita sai ranar rabon gado. A ranar ne ake cirko-cirko. Gida akwai masu ƙimanta shi. Mota akwai dillalanta. Saniya kuwa ai gidanta aka zo, ko yaro a unguwar nan ya dube ta zai faɗa maka abin da za ta yi a kara. To bindiga fa? Wa ya san kuɗinta? Kuma wanda ya sani ɗin, me ke wuyansa?

Kwanakin baya mun zauna a wani rabon gado. Ba za mu ambaci gidan ba, don ba tonon asiri ne ya kawo mu ba. Marigayin dattijo ne da ya yi rayuwarsa a fataucin goro tsakanin Shagamu, Badun da Arewa. Ya bar manyan 'ya'ya, ya kuma bar ƙanana uku da uwarsu. Cikin kayan da ya bari akwai shago ɗaya da bindiga ɗaya. Labarin da kowa ya tashi da shi a gidan shi ne wani Bature ne ya ba kakansu ita, kuma ƙirar Ingila ce ta manyan mutane. A gefen ƙarfenta an rubuta W. Richards. Babban ɗan ya duba a waya, ya ga bindigogin kamfanin Westley Richards suna kai dubban fam a kasuwar gwanjo ta can. Sai ya kawo shawara, kuma mun shaida da zuciya ɗaya ya kawo ta: a sa bindigar a kason ƙananan, a ajiye musu, tunda kullum daraja take ƙarawa, su manya su ɗauki shagon.

Kowa ya ce madalla. Malamin da ke rabon ne kawai ya ce a'a, ba a cinikin biri a sama, a nemo wanda ya san abin. Aka aika aka kira wani tsohon maharbi da ya yi shekaru yana gyara wa masu lasisi bindigoginsu.

Ya karɓe ta, ya buɗe ya tabbatar babu harsashi. Bai ko kalli sunan da ke gefe ba. Ya cire ɗan katakon da ke ƙarƙashin bututun, ya zare bututun biyu daga jikinta, ya kifa su, ya share wurin da gefen rigarsa, ya sa tabarau. Daga nan ya yi shiru, shirun da ya sa kowa ya tsargu.

Bari mu faɗi abin da yake dubawa, don ilimi ne da zai yi wa da yawa daga cikinmu amfani. Sunan da ke gefen bindiga kowa na iya rubuta shi. Abin da ba a wasa da shi shi ne hatimin gidan gwaji. A ƙasashen Turai da dama doka ce a kai bindiga wani gida na musamman a harba ta da albarushin da ya wuce ƙa'ida, in ba ta fashe ba a buga mata hatimi a ƙarƙashin bututu, wurin da ba a gani sai an warware ta. A Ingila gidajen biyu ne: na Landan, da na Bamingham wanda majalisarsu ta kafa a 1813. A Beljiyam gidan yana birnin Liyej, hatiminsa kuwa haruffa uku ne, E L G, cikin wani zagaye mai siffar ƙwai. Daga 1893 aka ƙara kambin sarauta a samansa. Wato hatimin nan yana faɗin ƙasar da aka gwada bindiga, yana kuma nuna zamanin da aka yi ta.

Abin da dattijon ya gani ke nan: E L G da kambi a kai. Bindigar ba ta Ingila ba ce, ta Beljiyam ce, kuma ba ta girmi 1893 ba. Westley Richards na gaskiya a Bamingham yake tun 1812, kuma cikakken sunansa yake rubutawa. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, wasu maƙeran Liyej sun riƙa ƙera bindigogi masu araha da yawan gaske, suna buga musu sunayen da suka yi kama da na manyan maƙeran Ingila, irin su W. Richards da T. Barker, ana lodinsu zuwa Amurka da Afirka. Kada a ce mun ce duk bindigar Beljiyam ta banza ce. A Liyej ɗin nan akwai gidaje irin su Francotte da aikinsu ba ya jin kunyar na kowa. Amma wannan dai ba ta cikinsu.

Bai tsaya nan ba. Ya duba lambar da ke jikin ƙarfen, da ta bututun, da ta ɗan katakon, ko sun zo ɗaya, don in sun saɓa, to haɗe-haɗe ce. Ya rataye bututun a yatsa ya ƙwanƙwasa. Lafiyayye yakan yi ƙara garau kamar ƙararrawa, wanda ɗinkinsa ya saki kuwa sai ya yi wani dum. Ya mayar da su ya girgiza, ya ji suna motsi a mazauninsu. Ya ɗaga ya leƙa ciki ta wajen haske, ya ga tsatsa ta ci rami-rami. Sannan ya nuna mana wani zane a jikin bututun, kamar igiyar da aka murɗa. Ya ce wannan shi ake kira ƙarfen Damaskas: siraran ƙarafa ne ake murɗawa, a naɗa su jikin sanda, a yi ta duka a wuta har su haɗe. Yana da kyan gani, amma don baƙin albarushi na dā aka yi shi, kuma a damshi irin na garin nan tsatsa na bin layin haɗin ta shige inda ido ba ya kaiwa.

Daga baya ya gaya mana abin da ya tsayar da shi a wancan shirun. Ya ce, "Marigayin nan abokina ne. Sau nawa ya ba ni labarin Baturen nan muna shan shayi? Ga 'ya'yansa sun zuba min ido. In na yi magana, kamar na ƙaryata mamaci ne. In na yi shiru na ce Allah Ya sa albarka, ba wanda zai zarge ni, amma yara uku sun tashi da ruɓaɓɓen ƙarfe a madadin shago."

Sai ya dubi babban ɗan ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri. Mahaifinka bai yi ƙarya ba, abin da aka gaya masa ya faɗa. Amma wannan ko rabin kuɗin ƙofar shagon ba za ta yi ba. Kuma don Allah kada wanda ya sa mata harsashin zamani."

Yaron ya ji zafi, mun gani a fuskarsa. Ya ce, "Baba, yanzu duk shekarun nan jabu muke ajiye?" Wannan tambayar tasa ce ta hana mu barci, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Mu fara da ita. Me ake nufi da asali? Su masu tara tsofaffin bindigogi, abin da suke nema shi ne bindiga ta kasance yadda ta fito daga hannun maƙerinta: katakonta na farko, bututunta na farko, launin ƙarfenta na farko, ko da ya koɗe. Abin mamaki, kwalliya rage mata kuɗi take yi. Mun san wani matashi da ya ɗauki ta gidansu ya kai wa mai walda, aka bi ta da samfefa har ta yi ƙyalli, aka shafa wa katakon fenti. Shi a ganinsa ya ƙara mata daraja. Ashe hatimin da zai yi mata shaida ya goge, ya mayar da ita mutumin da ba shi da takarda ba shi da dangi. Zogin da ke jikin tsohon abu, da inda tafin hannu ya cinye katako, su ne shaidunsa. Ka share su, ka kori shaidu ke nan.

To shin duk bindigar da aka taɓa gyarawa ta zama jabu? A'a. Dubi gidajen unguwar nan. Tun da aka kafa Sabo a 1916, gida nawa ne ya rage da ginin ƙasarsa na farko? An rushe, an sa bulo, an sauya kwano, an ƙara bene, amma har gobe gidan Alhaji wane ake ce masa, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Haka bindigar da ta yi shekara ɗari tana aiki, dole wani abu ya karye a sauya. A Ingila in bututu ya lalace, sukan yanke shi daga kusa da gindi su dasa sabo, amma sai an mayar da ita gidan gwaji, a sake gwada ta, a buga mata alamar da ke nuna an yi mata dashe. Kuɗinta zai ragu, amma ana sayenta da kwanciyar hankali. Ku lura da kyau: ba gyaran aka hana ba, ɓoye gyaran aka hana. Jabu ba shi ne abin da aka taɓa ba. Jabu shi ne abin da ake faɗin ƙarya a kansa.

Wannan ba baƙon karatu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hukuncin mai ɗaure hantsar dabba kwana biyu don mai saye ya ga kamar mai yawan nono ce, ya kuma ji cewa wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Saniyar dai ita ce, nonon ma nata ne. Ƙaryar tana cikin abin da aka sa idon mai saye ya gaskata. Maƙerin Liyej da ya buga W. Richards bai ƙera mugun ƙarfe don ya kashe kowa ba, ya dai ɗaure hantsa ne. Kuma ga shi bayan shekara fiye da ɗari, a wata unguwa da bai taɓa jin sunanta ba, ƙaryarsa ta kusa cinye shagon marayu. Wannan ya ishe mu tsoron ƙaramar ƙarya ta kasuwa. Mai ita na mutuwa ya bar ta tana yawo.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi wuya. Da muka koma majalisa da yamma ana ta yabon dattijon, sai wani dillali daga cikinmu, mutum mai kaifin baki, ya ce, "Ku dakata. Wannan ai mai sauƙi ce, ba abin da ya rasa. Ku juya ta. A ce da ya kifa bututun hatimin Landan ya gani, a ce ƙirar Purdey ce ko Holland & Holland, magada kuma ba su sani ba, suna ganin tsohon ƙarfe ne. Ya ce ku kawo in rage muku kaya, ya ba su 'yan canji, suka yi godiya. Ya yi laifi? Bai yi ƙarya ba. Bai tilasta kowa ba. Iliminsa ne jarinsa. Shekara arba'in ya yi yana koyo, lokacin da wasu ke barci. In sani ba zai ciyar da mai shi ba, wa zai wahala ya nema?"

Maganar nan ba ta banza ba ce, kada mu yi saurin ture ta. Dukkanmu da sani muke ci. Mai sayen shanu ya kan hango ramammen sa ya san wata biyu na dusa da harawa za su mayar da shi wani abu, ya saya da araha, ba kuma wanda ya ce ya yi sata. Mai goro ya san wanda zai kai bazara da wanda zai ruɓe a hanya. In aka ce dole kowane mai saye ya zayyana wa mai sayarwa duk abin da ya hango, kasuwa ta tashi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma wanda ya horar da idonsa ya cancanci ladan horon.

Amma akwai inda misalin ya karye, kuma a nan ne duk maganarmu take. Mai sayen sa a kara ya zo ne a matsayin mai saye. Mai sayarwa ya san haka, ya ɗaura ɗamararsa, ga sauran masu taye a gefe, ga farashin kasuwa a bayyane. Shi kuwa dattijon nan ba saye aka kira shi ba. An kira shi ne aka ce, Baba, duba mana. Daga lokacin da aka faɗi wannan kalma, idonsa ya zama aron da ya ba gidan. Ya zama shaida. Mutanen sun ajiye nasu wayon ne saboda sun dogara da nasa. In ya yi amfani da wannan dogaro ya saye abin da araha, ba iliminsa ya ci ba, amincewarsu ya ci. Shirun mai saye a kasuwa wayo ne. Shirun wanda aka tambaya kuwa amsa ce, don ana jin sa a matsayin "babu komai a nan".

Ko a kasuwar ma ba a sake wa sani linzami gaba ɗaya ba. An hana tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su shigo gari su ji farashi. Me ya sa, alhali da yardarsu suka sayar? Saboda yardar wanda ba shi da hanyar sani ba cikakkiyar yarda ba ce. Mu da kakanninmu suka zo garin nan baƙi, ba harshe ba dangi, mun fi kowa sanin wannan. Bafatake ya taso daga Arewa da shanu, ya sauka a gidan maigida a Sabo, ya miƙa masa dukiyarsa, a sayar wa mahautan gari bashi, ba takarda ba sa hannu. Abin da ya riƙe wannan ciniki shekara da shekaru shi ne baƙo ya tabbata maigidansa ba zai haɗa baki da mai saye a kansa ba. Maigida na cin la'adarsa a bayyane, ba ya cin baƙonsa a ɓoye. Ranar da aka ji ya yi haka, gidansa ya mutu, ko da ginin na tsaye.

Saboda haka ga abin da muke gani, kuma muna roƙon masu rabon gado da masu unguwa su duba shi. Wanda aka kira ya ƙimanta kada ya saya. Wanda ke son saye kada a ba shi ƙimantawa. A biya mai sani ladan dubawarsa, a ba shi da mutunci, don iliminsa ya ciyar da shi ta ƙofar gaba. In kuma abin ya shiga ransa yana so, to ya faɗi gaskiyar abin da ya gani tukuna, a nemo wani ya sake dubawa, sannan ya shiga layin masu taye kamar kowa. Wannan ba ga bindiga kaɗai ya tsaya ba. Haka yake ga tsohon takobi, da littafin da aka rubuta da hannu, da zinaren tsohuwa, da fili a bayan gari. Dillalin namu ya ce to ai an rage masa riba. Muka ce ƙwarai, an rage. Ba mu ce gaskiya kyauta ce ba.

Akwai kuma haƙƙi biyu da mai sani ba zai yi shiru a kansu ba ko da ba a tambaye shi ba. Na farko rai. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa an yi mazaunin harsashinsu ne inci biyu da rabi, harsashin da ya fi yawa a yau kuwa inci biyu da kashi uku cikin huɗu ne. Zai shiga, bindigar ta rufe lafiya lau, matsalar sai an ja kunama. Haɗa wannan da bututun Damaskas da tsatsa ta ci, wanda ba a taɓa gwada shi da albarushin zamani ba, ka tuna kuma hannun hagu a daidai nan yake riƙe. Wanda ya san haka ya bar yaro ya fita da ita gona, me zai ce ranar da aka dawo da yaron ba yatsu? Na biyu doka. A ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, riƙe irin wannan bindiga sai da lasisi daga 'yan sanda, kuma lasisin na mutum ne, ba a gadonsa kamar yadda ake gadon buta. Mai ita na rasuwa, magada su je su sanar a bi ƙa'ida, kada su miƙa ta hannu da hannu. Mun san halin da ake ciki. In abu ya faru a gari, bindiga ɗaya marar takarda a ɗaki ɗaya ta isa a shafa wa unguwa duka baƙin fenti.

Mu koma ga tambayar yaron nan: jabu muke ajiye? Amsar da muke ba shi ita ce, sunan da ke gefe jabu ne, amma bindigar ba jabu ba ce. Abu yana da asali biyu: na hannun da ya ƙera shi, da na hannun da ya riƙe shi. Na farkon shi kasuwa ke saye, kuma a nan an yi muku ƙarya tun kafin a haifi mahaifinka. Na biyun ba ya sayuwa, ba kuma mai iya buga masa hatimin ƙarya. Ramin nan da ke jikin katakon, babban yatsan kakanka ne ya yi shi. Ita ya rataya yana gadin kayansa a hanya, ita mahaifinka ke shafa wa mai duk ƙarshen damina. Kuskuren da aka kusa yi shi ne a ɗauki darajar da ke zuciya a rubuta ta a takardar rabo kamar kuɗi ce, a biya marayu da ita. Ƙauna ba ta biyan kuɗin makaranta.

Yadda aka ƙare, an sa wa bindigar ɗan abin da ta cancanta, aka raba shagon yadda shari'a ta tsara, ƙananan suka sami haƙƙinsu. Babban ɗan ya ce shi zai ɗauke ta a kasonsa, zai je ya daidaita maganar takarda, kuma ba za a sake harba ta ba. Da za a tashi, ya bi dattijon har ƙofar gida ya ce, "Baba, na ji haushinka ɗazu." Dattijon ya ce, "Na sani, ɗana. Gara ka ji haushina yau da ƙannenka su ji naka nan da shekara goma."

Kowannenmu akwai abin da ya sani wanda maƙwabcinsa bai sani ba: wani mota, wani magani, wani takardun fili, wani canjin kuɗi. Ba daɗe ba jima wani zai miƙo mana abinsa ya ce, duba mini. Allah Ya ba mu ikon faɗin abin da muka gani, ko zai rage mana riba, ko zai ɓata wa mai tambaya rai. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya marayunmu, Ya zaunar da unguwarmu lafiya. Amin.